Ƙyallen Tatar Kokon Ummi

Duk wanda ya aurar da 'ya, ko ya yi walimar sauka, ko ya tsaya takarar kansila a Dutse da kewayenta, da wuya a ce aikinsa bai bi ta hannun Malam Arzika ba, ko da bai san fuskarsa ba. Shi ne mai buga rubutu a jikin riguna da jakunkunan rabon biki da ƙyallayen da ake ratayawa a bakin titi. Shagonsa na bayan kasuwa, ɗaki ɗaya da rumfa, kuma tun daga nesa warin kananzir da fenti zai gaya maka ka iso. Siririn dattijo ne mai furfurar gemu, faratansa kuwa ba su taɓa zama launi ɗaya ba, yau kore gobe ja, gwargwadon jam'iyyar da ta kawo aiki.

Asalinsa mutumin wani ƙauye ne a ƙasar Miga. Noma ya gada, amma tun yana saurayi hannunsa ya fi karkata ga zane a kan fartanya. Ya tafi Kano cin rani, ya maƙale a wajen wani mai rubuta alluna, a can ya koyi aikin raga. Da aka yi jiha, Dutse ta fara cika da ofisoshi masu neman allo a ƙofa, sai ya tattaro ya dawo kusa da gida. Aikin raga ba shi da wani asiri. Raga ce fara mai ƙananan idanu, kamar gidan sauro amma ta fi shi laushi nesa ba kusa ba. A ɗaure ta tamau a jikin firam na katako, a toshe idanunta da wani magani, a bar wajen rubutun kaɗai a buɗe. Sai a ɗora a kan riga, a zuba fenti, a ja da roba mai faɗi. In an ɗaga, rubutu ya zauna. Da wannan Malam Arzika ya ci, ya sha, ya yi aure, ya gina gidansa a Fagoji.

Mutumin kirki ne, ba mai musun wannan, amma yana da ciwo guda: ba ya iya yar da abu. Lanƙwasasshiyar ƙusa sai ya miƙar, gwangwanin fenti sai ya kankare ya zama mazubin allura, tsohon kalanda kuwa shimfiɗar tebur ne. In raga ta saki, ta daina ba da rubutu mai kaifi, sai ya yanke ta daga firam, ya naɗe, ya jefa a wata baƙar leda da ke rataye a kan babur ɗinsa. Ba ya cewa komai in ya isa gida. Matarsa Bilki ta san ledar. Ita za ta ciro ragar, ta jiƙa a ruwan bilic, ta cuɗe da sabulu da tafasasshen ruwa har idanun su buɗe, ta mayar da ita ƙyallen tatar koko. Tun suna amarya da ango haka ake yi, kuma duk unguwar an san ba kokon da ya kai na gidan Malam Arzika santsi. Fenti dai ba ya fita duka, inuwar rubutun takan zauna a jiki. Shi ya sa in ka shiga gidan da hantsi za ka ga "Allah ya ba da zaman lafiya" ko sunan wani ɗan takara da ya faɗi zaɓe yana shan iska a kan igiyar shanya.

'Ya'yansu mata biyu ne suka rayu. Babbar, Fatsuma, tana aure a Aujara, kuma da yake 'yar fari ce, daga shi har Bilki ba mai kama sunanta, sai dai su ce "ta Aujara". Ƙaramar, Ruwaida, ita ce ta yi nisa a boko, tana karatun sinadarai a wata jami'a a wajen jihar. Ita ce 'yar gaban goshinsa, kuma ta san haka sarai.

Wani dogon hutu Ruwaida ta dawo da kwali ɗauke da ƙananan gilasai, kowanne bai kai tafin hannu ba, da wata 'yar kwalba da ta naɗe a tsumma. Ta same shi a shago ta ce, "Baba, aron hannunka na zo yi."

Ta yi masa bayani. Allunan sola da ake gani a kan rufin gidaje da rijiyoyin burtsatse, in ji ta, sai an narka dutse a wuta mai tsananin zafi kafin a yi su, shi ya sa suke da tsada. To, yanzu akwai wani sinadari, sunansa ferobsikait, wanda ake damawa kamar fenti a shafa a jikin gilashi, in rana ta haska shi ya ba da lantarki. Masana na ta neman hanyar da za a riƙa buga shi da yawa, kamar yadda ake buga jarida. Ɗaya daga cikin hanyoyin kuwa ita ce raga da roba, irin tasa sak. Aikin kammala karatunta ke nan, kuma layin na'urar makarantarsu ya yi tsawo.

Malam Arzika ya dubi robar da ke hannunsa. "Wato da wannan abin za a buga wuta?"

"Da shi, Baba."

Ranar bai iya ɓoye murnarsa ba. Shekara da shekaru yana buga sunayen mutane, ga shi yau an ce sana'arsa ta isa ta kunna fitila. Ya sayo raga sabuwa, mafi ƙanƙantar ido da ake samu, ya fitar mata da zanen da ta ba shi, wasu 'yan murabba'ai a jere reras kamar gidajen dara. Kafin ta buɗe kwalbar ta sa safar hannu, ta miƙa masa tasa, ta ɗaura masa ƙyalle a hanci. Fuskarta ba wasa.

"Baba, akwai dalma a cikin wannan. Guba ce. Kada ya taɓa bakinka, kada ka ci abinci a nan. In mun gama, ragar nan a leda za a ƙulle ta, a ajiye mini har in dawo in kai inda ake zubar da irinta. Don Allah kada a sake aiki da ita."

Ya ce ya ji, kuma da gaske ya ji. Kalmar dalma ba baƙuwa ba ce a kunnensa. Yana tuna shekarar da rediyo ya yi ta kawo labarin ƙauyukan Zamfara, inda ƙurar dutsen zinariya ta riƙa kashe yara ƙanana, waɗanda suka tsira kuma wasu ba su ƙara zama daidai ba.

Suka buga. Yawancin gilasan ba su yi komai ba, wasu suka koma rawaya tun kafin a kai su rana, don abin ba ya shiri da laima. Guda ɗaya dai ta motsa lambobin na'urar awo, kaɗan ƙwarai, amma sai da Ruwaida ta yi tsalle kamar ƙaramar yarinya. Ta koma makaranta da gilasanta. Shi kuma ya ƙulle firam ɗin a leda, ya ɗora a saman kwaba, ya ja wa kansa kunne.

Sai kakar biki ta shigo, ta gab da azumi, lokacin da kowa ke son a ɗaura kafin wata ya kama. Aiki ya yi masa rubdugu, firamai suka ƙare. Ya ɗaga kai ya ga katako lafiyayye yana zaune a saman kwaba ba aikin fari ba na baƙi. Ya ce a ransa, ai raga aka hana, ba katako ba. Ya sa safa, ya yanke ragar a hankali, ya naɗe ta. A daidai nan wata uwar amarya ta faɗo shagon tana faɗa a kan an rubuta sunan angon ba daidai ba. Bakinsa yana ba ta haƙuri, hannunsa kuwa ya yi abin da ya saba yi tun kafin a haifi Ruwaida. Ya jefa ragar a baƙar ledar babur.

A kwanakin ne aka kawo Ummi yaye. Ummi 'yar Fatsuma ce, ta kusa shekara biyu, sunan Bilki aka sa mata. Kamar yadda aka saba, in za a cire yaro daga nono gidan kaka ake kai shi, ya yi kukansa a can har ya manta. Mijin Fatsuma, Misbahu, shi ya kawo ta a mota, ya durƙusa ya ce, "Baba, ga amanarku nan." Malam Arzika ya ɗaga ta sama yana cewa amaryarsa ta tare, tsohuwa sai ta nemi wajen zama. Bilki ta ce ai ga ka ga ta, amaryar da ba ta iya ko ɗaura zani ba.

Yaron yaye ba shi da abinci sai koko. Da Bilki ta laluba leda ta ji wata raga sabuwa fil, mai laushin da ba ta taɓa samu ba, sai ta ce Allah ya kashe ya ba Ummi. Ta wanke ta kamar kullum. Ruwan farko ya fito rawaya shar, ba ta damu ba, don ta ga ja, ta ga shuɗi, ta ga kore a wankin raga. Ta keɓe wannan ƙyallen ga Ummi ita kaɗai. Na manya a tace da tsoho, na jikarta kuwa da sabo, don kada ko ƙwayar dusa ta shaƙe ta.

Ummi ta yi ta rigima. Ta ƙi cin tuwo, ta rame, bayan gida ya riƙa yi mata wuya, wani lokaci ta riƙe ciki tana kuka. Maƙwabta suka ce yaye ne, kowane yaro haka yake yi. Bilki ta ce yaye ne. Malam Arzika ma ya ce yaye ne, ya riƙa sayo mata dabino yana lallashi. Aka yi makonni a haka, kofin koko safe da yamma.

Wata Juma'a ya dawo gida da wuri don ya yi wanka. Yana kafe babur ya ɗaga kai, ya ga igiyar shanya. Rana tana bayan ƙyallayen, ta fito da inuwar kowanne. A tsakiya akwai wani wanda ba rubutu a jikinsa, sai 'yan murabba'ai a jere, rawaya-rawaya, kamar gidajen dara.

Ya dafa bango. Ga Ummi zaune a tabarma a gindin igiyar, kofi a hannu biyu, koko har a haɓarta.

"Bilki." Ya nuna igiyar. "Wancan ƙyallen, me ake yi da shi?"

"Wanne? Au, na Ummi ne. Ai Malam ka daɗe ba ka kawo mai kyansa ba."

"Tun yaushe?"

"Tun zuwanta mana. Lafiya?"

Ya tsallaka ya fizge kofin daga hannun yarinyar, abin da bai taɓa yi wa yaro ba, ya watsar a rariya. Ummi ta ƙwalla ƙara. Bilki ta miƙe da faɗa a bakinta, amma da ta ga fuskarsa sai faɗan ya maƙale. Ya gaya mata a tsaye, cikin kalmomi kaɗan. Da ya ambaci dalma, ta zauna daɓas a kan turmi ta ɗora hannu biyu a ka.

Ya kira Ruwaida a waya ya gaya mata. Ta fashe da kuka tana cewa ita ce, ita ce ta kawo abin gida. Ya ce mata ba lokacin wannan ba ne, ta gaya masa abin yi. Ta ce a ƙulle ƙyallen a leda, a daina amfani da robar da ake tata a ciki da ludayin, a kai Ummi asibiti yanzu, a faɗi sunan gubar ƙarara.

Likitar da suka samu mace ce mai sanyin magana. Ta saurare shi har ƙarshe, ba ta yi masa faɗa ba, shi kuwa da ta yi masa da ya fi jin sauƙi. Ta duba idon yarinyar da dasashinta, ta matsa cikinta, ta ɗebi jini. Ta ce ba a yin wannan gwajin a nan, sai an aika Kano, kuma zai ɗauki lokaci. Ta ce su koma gida, in ta fara amai ko jijjiga ko barcin da ba a iya tashinta, su dawo da gudu.

Jijjiga. Kalmar ta bi shi har gida, ta zauna masa a ƙirji. In Ummi ta yi miƙa, gabansa ya faɗi. In ta yi barcin rana ya wuce yadda ta saba, sai ya je ya tsuguna ya kai yatsa hancinta. Ya daina iya jan roba, rubutu na fitowa biyu-biyu. Abinci ya koma masa kamar ƙasa. Bai taɓa sanin tsoro na iya zama a jikin mutum kamar zazzaɓi ba sai a kwanakin nan.

Abin da ya fi masa nauyi shi ne Aujara. Bilki ta ce a jira sakamako tukuna, kada a tayar wa yarinya hankali a banza. Ya so ya yarda, wallahi ya so. Amma washegari ya hau babur ya kama hanyar Jahun, yana tafe yana shirya magana tana rushewa. Ya tarar da Misbahu a ƙofar gida yana gyaran buhunan gero. Aka shimfiɗa masa tabarma a zaure, Fatsuma ta fito ta durƙusa nesa kaɗan, kanta a ƙasa, tana murnar ganinsa. Shi da bai taɓa kallon idonta sosai ba saboda kunyar 'yar fari, ranar ma bai kalla ba, amma ba don kunya ba. Ya faɗi komai yana duban tabarma.

Misbahu ya yi salati, ya ce, "Baba, ƙaddara ce, ba mai tsallake ta." Fatsuma ta tashi ta shiga ciki, ta fito da mayafi da takalmi a hannu, ta tsaya a jikin babur ɗin. Haka ya goyo ta har Dutse, yana jin yadda take riƙe da ƙarfen baya don kada jikinta ya taɓa nasa.

Da sakamako ya zo, likitar ta zaunar da su. Ta ce akwai dalma a jinin, ta haura abin da ake so a gani a jikin yaro, amma ba ta kai inda ake ba da maganin fitar da ita ba. Wankin da Bilki ta yi wa ragar ya rage gubar da yawa. Ta ce a dage da hanta da wake da zogale da madara, a daina sa mata kwalli don shi ma akan sami dalma a cikinsa, a dawo a sake gwaji. Bilki ta fara hamdala. Malam Arzika ya matso da kujerarsa.

"Likita, kanta fa? Zai taɓa mata kai?"

Ta ce, "Baba, ba zan yi maka ƙarya ba. Wasu yaran ba a ganin komai. Wasu sai sun shiga makaranta a ga karatu na yi musu nauyi, ko hankalinsu ba ya tsayawa wuri ɗaya, ko ji ya ragu kaɗan. Ba wanda zai iya gaya maka yau. Sai ta girma."

Ya fito daga ɗakin da abin da ya fi mummunan labari wuyar ɗauka, domin mummunan labari ana kuka a gama.

Gwaji na gaba ya nuna dalmar ta sauka. Ummi ta murmure, ta yi kumatu, ta koma Aujara. Ruwaida ta gama karatunta, tana can tana aiki a kan yadda za a rufe irin waɗannan allunan kada abin cikinsu ya fita, kuma ba ta ƙara kawo ko kwalbar turare daga wajen aikinta ba. Malam Arzika yana nan a shagonsa, yana buga jakunkunan biki. Ba wanda ya taɓa goranta masa. Sai dai da Fatsuma ta sake haihuwa, lokacin yaye ya yi, gidan uwar Misbahu aka kai yaron. Ba a ba da dalili ba, su ma ba su tambaya ba. Bilki ta shiga ɗaki ta daɗe ba ta fito ba.

Yanzu Ummi ta isa shiga makaranta. Yarinya ce kyakkyawa mai son wasa, takan zo hutu tare da uwarta. Wani lokaci ta haddace abu nan take, wani lokaci a faɗa mata sau uku ta manta, kamar dai kowane yaro, in ji mutane. Malam Arzika ba ya iya jin "kamar kowane yaro" ya huta. In ta zo, ya dinga yi mata tambayoyi ke nan, wannan wane launi ne, awakin nan nawa ne, me aka koya muku jiya, har ta gaji ta gudu.

A zuwanta na bayan nan, da la'asar, tana tsugune a tsakar gida ta ba shi baya, tana jera duwatsu. Yana zaune a bakin ƙofar ɗakinsa. Ya sassauta murya, kamar yadda yake yi a ɓoye duk zuwanta, ya kira ta.

"Ummi."

Ba ta juyo ba. Wataƙila wasa ne ya ɗauke mata hankali. Wataƙila ya yi ƙasa da murya da yawa. Bilki, da ke tsince shinkafa a gefe, hannunta ya tsaya cak a cikin faranti, ba ta ɗago ba.

Ya buɗe baki zai sake kira, sai ya ji ba zai iya ba. In ya kira na biyu ba ta juyo ba fa? Ya rufe bakinsa, ya zauna yana kallon ƙeyarta.